Ƙaro Ilimi ga Ma'aikatan Laburaren Shari'a: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi tasowa tsakanin masu kula da littattafan shari'a a Najeriya, ko a jami'a suke, ko a kotu, ko a ofishin lauyoyi, ko a majalisa. Sunan aikin ɗaya ne, amma abin da kowane wuri yake nema daga ma'aikacinsa daban ne.

Ina da digiri a kimiyyar laburare. Me zai sa in ci gaba da bin kwasa-kwasai?

Saboda kayan da aka ba ka amana suna ruɓewa a kan kanta ba tare da sun yi wari ba. A laburaren tarihi ko na adabi, tsohon zuma da shi ake magani. A na shari'a kuwa, littafi yana nan da kyakkyawan bango, ba gara ba tsagewa, amma dokar da ke cikinsa ta mutu shekara biyar da suka wuce.

Ɗauki kundin dokokin tarayya na 2004, wanda kusan ba laburaren shari'ar da ba shi da shi. Dokar kamfanoni da ke babi na C20 an soke ta a 2020, aka kawo sabuwa. Dokar shaida an sake ta a 2011, aka kuma yi mata gyara a 2023. Dokar haƙƙin mallaka ta babi na C28 ta ba da wuri ga ta 2022. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta shafe tsofaffin dokokin tarayya na bin ƙa'idar shari'ar laifi, jihohi kuma suka yi nasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Dokokin haraji ma an yi musu garambawul a 2025. Duk wannan ya faru, juzu'an kundin suna jere yadda aka sayo su. Wanda bai bibiyi waɗannan sauye-sauye ba zai miƙa wa lauya mushe da hannu biyu yana ganin ya taimaka.

Sai dai kuma ba a zubar da tsohuwar doka. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum kan abin da ba laifi ba ne lokacin da ya aikata shi, don haka alƙali kan nemi dokar yadda take a ranar da abin ya faru. Sanin wacce za a ajiye, wacce za a manna wa alamar “an soke”, da yadda za a kai mai bincike ga wadda ta gaje ta, ba a cika koyar da shi a ajin digiri ba.

Dole ne, ko ganin dama?

Hukumar Rajistar Ma'aikatan Laburare ta Najeriya, wato LRCN, wadda doka ta 12 ta 1995 ta kafa, ita ke yi wa ƙwararru rajista, tana kuma da tsarin ƙaro ilimi na dole ga masu riƙe da shaidarta. Wanda ya yi rajista shi ke sa CLN, wato ma'aikacin laburare mai shaidar hukuma, a bayan sunansa. A jami'a akwai wani dolen: ma'aikacin laburare mai digiri ana lissafa shi cikin malamai, ƙarin girmansa ya rataya ne a kan babban digiri, maƙalu da halartar taruka. A ofishin lauyoyi babu mai tambayarka satifiket, amma ranar da ka kawo hukuncin da Kotun Ƙoli ta riga ta rushe, a ranar za ka gane cewa can ma dole ne.

Sai na zama lauya kafin in iya wannan aiki?

A'a. Mai digiri biyu, na shari'a da na laburare, yana da fifiko, musamman wajen shugabancin laburaren tsangayar shari'a, inda masu tantance kwasa-kwasan jami'a suke son ganin haka. Amma da yawa daga cikin gwanayen aikin ba su taɓa sa gashin lauya ba. Abin da suka yi shi ne sun koyi tsarin kotuna, matakan yin doka da yadda ake karanta hukunci. Lauyan da aka tura laburare shi ma yana da nasa gibin: bai san katalogi ba, bai san rarraba littattafai ba, yakan jera su yadda ya ga dama har ya zama shi kaɗai ya san inda komai yake.

Iyaka ɗaya ce ba a tsallakewa. Kana nuna wa mutum inda doka take, ba ka gaya masa abin da ya kamata ya yi a shari'arsa. Wannan aikin lauya ne.

Mene ne abin da kowa ya kamata ya iya, ko a ina yake aiki?

Abu biyu: karanta adireshin hukunci, da tabbatar da cewa doka tana raye.

Na farko ana iya koyonsa a yini ɗaya. In aka rubuto maka Buhari da Obasanjo (2005) 13 NWLR (Pt. 941) 1, ma'anarsa shekarar 2005, juzu'i na 13 na rahoton mako-mako da Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, kashi na 941, shafi na 1. Lambar kashin ita ce abin riƙewa, domin ba ta maimaituwa, alhali shekaru da yawa suna da nasu juzu'i na 13. Sabon ma'aikaci yakan bi lambar juzu'i ya ɗauko na wata shekarar. Hukunci ɗaya kuma kan fito a rahoto uku ko huɗu, kowanne da nasa adireshi, ga kuma lambar LPELR ta LawPavilion, rumbun hukunce-hukunce na intanet. Saboda haka in babu wanda aka tambaya, ba a cewa “ba mu da shi” sai an duba sauran. Lambar ƙara ma tana magana: SC ta Kotun Ƙoli ce, CA/K ta reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara na Kaduna, CA/J ta Jos, CA/S ta Sakkwato.

Na biyu shi ne mai wuya, kuma shi ya kamata a fi kashe kuɗin horo a kai. Za ka fara da dokar a kundi, ka rubuta babinta da shekarar kundin. Sai ka bi gazet, wato jaridar gwamnati da ake wallafa dokoki a ciki, na shekarun da suka biyo baya kana neman gyara ko sokewa. Sai ka duba ranar fara aiki, don ranar sa hannu ba lallai ita ce ranar fara aiki ba: dokokin haraji na 2025 an sa musu hannu a watan Yuni, amma manyansu sai Janairun 2026 aka ɗiba musu. Daga nan ka nemi ƙananan ƙa'idojin da minista ko hukuma ta fitar a ƙarƙashin dokar. Ƙarshe ka bincika ko wata kotu ta taɓa soke wani sashe nata. Yawancin kuskure a mataki na biyu da na ƙarshe yake faruwa, saboda gazet ba ya zuwa a kan kari, kuma kwafin da ke yawo a WhatsApp sau da yawa ƙudiri ne da bai zama doka ba. Ƙudiri yana ɗauke da lambar HB ko SB a kansa. Duk takardar da ka ga haka, kada ka kira ta doka.

Ni a tsangayar shari'a ta jami'a nake. Wane horo ya fi yi mini amfani?

Na koyarwa. Aikinka ya fi kusa da na malami: ɗalibin aji biyu da bai san bambancin ra'ayin alƙali na gefe da ainihin dalilin hukunci ba, da na ajin ƙarshe da ke fama da rubuta madogara, duk kanka za su faɗo. Ka iya salon kawo madogara na ƙungiyar malaman shari'a ta Najeriya, NALT, da na OSCOLA na Jami'ar Oxford, ka kuma iya Zotero, manhajar tsara madogara, har ka koyar da ita. Darasin minti arba'in da ɗalibai ashirin, kowa da kwamfuta a gabansa da hukunci uku da zai nemo, ya fi laccar awa biyu ga mutum ɗari uku a babban zaure.

Sai tantancewa. Hukuma biyu ne ke zuwa, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da Majalisar Ilimin Shari'a, kuma dukansu suna shiga laburare: rahotannin shari'a sun cika ko akwai gibi, mujallu na bana ne ko na shekara goma baya, kujeru nawa, rumbun intanet yana buɗewa ko kuɗinsa ya ƙare. Akwai wata ɗabi'a ta aro littattafai daga maƙwabta ana saura mako guda baƙi su iso. Ba ta da kyau, kuma masu tantancewa sun san ta, hatimin wani laburaren a shafin farko shi ke tona asiri. Horon da ya dace shi ne na riƙe jerin gibi duk shekara, kashi-kashi, a riƙa cike shi da kuɗin bunƙasa laburare na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.

Ƙara da manhajar DSpace don adana kundayen digiri, da sanin yadda ake ciro alƙaluman amfani daga rumbunan intanet irin su HeinOnline ko LexisNexis. Da waɗannan alƙaluman ake kare kuɗin sabunta rajista a gaban kwamitin kasafi.

Laburaren kotu fa?

A nan mai tambayarka ɗaya ne ko goma, amma kowannensu yana rubuta hukunci, kuma sau da yawa yana so kafin a koma zama bayan hutun rabin sa'a. Saurin nema da riƙe sirri su ne jarin. In Mai Shari'a ya aiko a kawo masa hukunce-hukunce biyar kan batun hurumi, ka riga ka hango inda ya dosa, lauyan da ya shigo bayansa bai kamata ya ga tarin a kan teburinka ba.

Babban aikin da aka fi sakaci da shi shi ne hukunce-hukuncen kotun kanta, waɗanda ba a buga su a kowane rahoto ba. Suna ɗaure a rajista cikin ƙura. Kwas ɗin da ya koya maka mayar da su cikin kwamfuta ya biya kuɗinsa. A taƙaice: a ɗauki hoton kowane shafi da na'urar sikana a kan ɗigo 300 a inci, a adana a tsarin PDF/A, a bi shi da manhajar gane rubutu don a iya neman kalma a ciki. Sunan fayil ya ƙunshi kotu, lambar ƙara da ranar hukunci, da tsari ɗaya ba sauyi. A yi kwafi uku, ɗaya a wani ginin daban. Abin da ke kashe irin wannan aiki ba na'ura ba ce, suna ne: wannan ya rubuta “hukunci 1”, wancan “sabon hukunci”, bayan shekara biyu ana da fayil dubu huɗu ba a san na waye ba. Kafin a saki komai ga jama'a kuma, a tuna da dokar kare bayanan sirri ta 2023 da shari'o'in ƙananan yara, inda ake ɓoye suna.

Takarda ma tana son nata ilimin. Kantar ƙarfe ta fi ta katako saboda gara, a ɗaga ta kamar santimita 15 daga ƙasa, kada ta jingina da bango. Da damina, in laima ta haura kashi 65 cikin 100, funfuna za ta kama bangon littafi. Da hunturu takarda ke bushewa ta karye, ƙura kuma ta shiga ko'ina.

Cibiyar Horar da Ma'aikatan Shari'a ta Ƙasa da ke Abuja, NJI, wadda aka kafa a 1991, tana shirya bita ga ma'aikatan kotuna har da na laburare. Ta hannun Babban Magatakarda ake tura suna.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci tana da wata buƙata ta daban?

Sosai, kuma nan ne kwasa-kwasan da ake shiryawa a Legas da Abuja suka fi barin mutum a hanya. Sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya ba wannan kotu hurumi kan aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, kuma madogarar alƙalanta littattafan Malikiyya ne: Risala, Mukhtasar na Khalil, Tuhfa ta Ibn Asim, da sharhohinsu irin su Jawahirul Iklili, Bahja da Samarud Dani. Wanda ba ya karanta Larabci ba zai iya bambance matani da sharhi da hashiya ba, zai jera su kamar littattafai uku marasa alaƙa.

Ga wata matsala da ba a gane ta sai an gamu da ita. Littafi ɗaya yana da bugun Misira da na Bairut, wani juzu'i biyu, wani huɗu, shafukansu ba sa haɗuwa. Ƙadi ya rubuta “juzu'i na 2, shafi na 240”, aka ɗaukaka ƙara, can aka buɗe nasu bugun ba a ga maganar ba. Maganin shi ne katalogi ya nuna maɗaba'a da shekara, a kuma saba da neman mas'ala ta babinta maimakon shafi. Haka sunayen marubuta: a zaɓi hanya ɗaya ta rubuta su da boko a tsaya a kai, in ba haka ba mutum ɗaya zai fito a wuri uku.

Ga kuma dokokin laifuka na Shari'a da jihohi 12 suka yi tun daga Zamfara a 2000, kowace jiha da nata, da tsofaffin bayanan zaman kotu da aka rubuta da Hausa, wasu ma da ajami. Ga mai wannan aiki, ajin Larabci na yamma da ɗan zama da malamin fiƙihu sun fi wani taron otal amfani. Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, Zariya, wuri ne da ya dace a ƙulla zumunci da shi.

A ofishin lauyoyi ni kaɗai ne, wani lokaci har da aikin sakatare. Me zan koya?

Duk abin da ke rage wa lauya lokaci. Ka ƙware a rumbun da ofis yake biya, LawPavilion ne ko Legalpedia, har ka wuce lauyoyin kansu. Kamfanonin da ke sayar da su kan koyar da masu rajista, ka nemi a zo a yi. Ka iya haɗa taƙaitaccen bayani na mako, shafi ɗaya: sabbin hukunce-hukunce, sabbin sanarwar Babban Banki ko Hukumar Rajistar Kamfanoni, sabbin ƙa'idojin kotu, gwargwadon fannin da ofis yake aiki a kai.

Na gaba shi ne taskar ofis ta cikin gida, wato tsofaffin yarjejeniyoyi da takardun muhawara da lauyoyi suka rubuta. Ana tattara su, a cire sunayen masu shari'a, a rarraba bisa batu, a rubuta ranar da aka duba kowanne. In ba a rubuta ranar ba, wani ƙaramin lauya zai kwafi samfurin da aka gina kan dokar kamfanoni ta 1990 ya kai wa maigida ya sa hannu.

Majalisa da Ma'aikatar Shari'a fa?

Su a bakin tukunya suke, inda ake dafa dokar. Abin koyo shi ne bin sawun ƙudiri: karatu na ɗaya, na biyu, kwamiti da jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, daidaita na majalisun biyu, sannan sa hannu. Shugaban ƙasa yana da kwana 30, in ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya tabbatar da ita. Kowane mataki yana barin takarda: jadawalin zama, rubutaccen sakamakon zama, Hansad mai ɗauke da muhawarar zauren kalma-kalma, rahoton kwamiti. Haɗa su wuri ɗaya a ƙarƙashin lambar ƙudiri shi ne aikin. Majalisun jihohi sun fi rauni a nan, har takan kai ana neman sahihin kwafin dokar da majalisar da kanta ta yi a rasa. Cibiyar Nazarin Dokoki da Dimokuraɗiyya ta Ƙasa, NILDS, tana horar da ma'aikatan majalisu.

A Ma'aikatar Shari'a kuwa, ka iya haɗa gyare-gyare cikin asalin doka da riƙe gazet na jiha ba gibi. Wasu dokokin jihohin Arewa asalinsu yana komawa ga kundin dokokin Jihar Arewa na 1963, saboda haka tsohon kundin nan ba na zubarwa ba ne.

Ina ake samun horon?

Cibiyar Zurfafa Nazarin Shari'a ta Najeriya, NIALS, da aka kafa a 1979, tana da gajerun kwasa-kwasai, kuma laburarenta na Taslim Elias da ke harabar Jami'ar Legas makaranta ce ga wanda ya je ya zauna ya kalli yadda ake aiki. Akwai ƙungiyar laburarorin shari'a ta ƙasa, NALL, da uwar ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa, NLA, da aka kafa a 1962, mai rassa a jihohi. A Afirka akwai ƙungiyar laburarori ta AfLIA mai hedikwata a Akara, tana yawan yin darussa ta intanet. A duniya akwai ƙungiyar laburarorin shari'a ta IALL, tun 1959, mai kwas na shekara-shekara da tallafin halarta da ake nema ta hanyar rubuta takarda. Takwararta BIALL ta Birtaniya ta fi AALL ta Amurka kusa da buƙatarmu, saboda tsarin shari'armu daga Ingila aka gaje shi.

Waye zai biya?

A jami'ar gwamnati, TETFund tana da kason halartar taro da na ƙaro karatu, ta ofishin da ke kula da ita a makarantar ake bi. Jami'a mai zaman kanta ba ta ciki. A kotu da majalisa, sai an sa horon cikin kasafin shekara, don haka takardarka ta isa tun ana haɗa kasafi, ba bayan gayyata ta zo ba. Ofishin lauyoyin da ke biyan gudummawa ga asusun horar da ma'aikata na ITF yana iya neman a mayar masa da wani kaso na abin da ya kashe, in ya nemi amincewar asusun kafin a yi horon.

Takardar neman izini takan faɗi ne saboda ta ce “don ƙarin ƙwarewa” ta tsaya. Rubuta matsalar da suna: hukunce-hukunce kaza ne ba a iya nemo su, kwas kaza zai koyar da abu kaza, kuɗinsa kaza har da masauki, cikin wata uku da dawowa za a ga abu kaza. Shugaba yana sa hannu a kan abin da zai iya nunawa.

In babu kuɗin ko kaɗan?

Da ɗan data ana iya yin nisa. Research4Life, shirin samar wa ƙasashe masu tasowa mujallun ilimi, tana da kwas kyauta ta intanet, da sashen GOALI da aka buɗe a 2018 don mujallu da littattafan shari'a, cibiya ce ke yin rajista ba mutum ba. GlobaLex na Jami'ar New York yana da jagororin binciken dokokin ƙasashe, har da Najeriya. Rumbunan dokoki da hukunce-hukunce na AfricanLII, CommonLII da BAILII kyauta ne, cibiyar PLAC ta Abuja kuma tana bin ƙudirorin majalisar tarayya. Ware awa biyu a mako, ranar da kotu ba ta zama ko ɗalibai suka ragu, ka ɗauki tambaya ɗaya ta gaske da aka yi maka ka sake nemo amsarta ta hanya uku.

Sannan a duba garin da ake. Kano, Kaduna, Sakkwato, Maiduguri, kowanne yana da laburaren kotu, na jami'a, na majalisa da na Ma'aikatar Shari'a, masu riƙe da su kuma sau da yawa ba su san juna ba. Zama ɗaya duk wata uku, a riƙa zagayawa, kowa ya kawo jerin abin da yake da shi, ba ya cin ko kwabo sai kuɗin mota.

Ta yaya zan gane bitar da ba ta da amfani?

Dubi jadawalinta. In rana ta farko ta tafi a rajista da jawabin manyan baƙi, ta ƙarshe a rabon satifiket da hoto, kwana uku sun koma ɗaya. In za a koyar da Koha, manhajar tafiyar da laburare, ko bincike a rumbu amma ba a ce ka zo da kwamfuta ba, kallo za ka je yi. In ba a faɗi sunan mai koyarwa da inda yake aiki ba, ka yi tambaya. Akwai masu zuwa don alawus da jakar taro, wannan sananne ne, kuma shi ya sa wasu shugabanni suka daina sakin kuɗin horo ga kowa.

Tsarin Moys na rarraba littattafan shari'a har yanzu ya cancanci a koye shi?

Ƙwarai. Elizabeth Moys, wadda ta yi aiki a laburaren Jami'ar Legas a shekarun 1960, ta fitar da shi a 1968, kuma laburarorin shari'a da yawa a ƙasar nan shi suke bi. Amfaninsa shi ne ya raba tushen doka, wato dokoki da rahotanni, daga littattafan sharhi, ya kuma ware KP don ƙasar da laburare yake ciki. KC na dokar ƙasa da ƙasa ne, KD na dokokin addini, KM na dokar hukuma, KN ta mu'amala tsakanin mutane, KR na Afirka. Inda ake samun tangarɗa shi ne babban laburaren jami'a yana bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, mai sa shari'ar Musulunci a KBP, na tsangaya yana bin Moys, kowanne da harafin K amma ma'ana daban. Sabon ma'aikaci ya kwafo lamba daga katalogin intanet ya manna, littafi ya ɓace a kan kanta yana kallon kowa.

Ƙirƙirarriyar basira ba za ta ɗauke wannan aiki ba?

Ta ƙara shi. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca, saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙaga, da sunaye da lambobi kamar gaske. Irin wannan manhaja tana tsara magana ne, ba ta buɗe rahoto ta duba. Ka koyi amfani da ita wajen taƙaita dogon rubutu ko samo kalmomin bincike, amma duk hukuncin da ta ambata sai an gan shi a rahoto ko rumbu, an karanta shafin, an tabbatar maganar tana ciki. Kada kuma a zuba mata takardun mai shari'a ko daftarin hukuncin da ba a karanta ba.

Ga wanda ke Nijar, Chadi ko Kamaru, maganar ɗaya ce?

Tushen ɗaya ne, kayan aikin daban. Nijar da Chadi tsarin Faransa suka gada, Kamaru ta haɗa biyun. Dokokin kasuwancinsu na ƙungiyar OHADA ne mai ƙasashe 17, wadda aka ƙulla a 1993, kotunta tana Abijan, makarantar horarwarta ERSUMA tana Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin. Najeriya ba ta ciki, amma laburaren da ke hidimta wa lauyoyin 'yan kasuwar Kano, Katsina da Maraɗi zai amfana da mai ɗan Faransanci da ya san inda ake samun waɗannan dokoki.

Na je bita na dawo, amma komai ya koma yadda yake. Me ya jawo?

Yawanci abu uku ne. An tura wanda ba shi ke yin aikin ba, saboda layinsa ne ya zo. Ko an koyo manhajar da ofis ba shi da ita, kafin a saya an manta. Ko an dawo an sa takardun a durowa.

Cikin mako guda da dawowa ka rubuta rahoton shafi ɗaya, ka tara abokan aiki na awa ɗaya ka nuna musu abu guda da hannu. Zaɓi aiki ɗaya ƙarami mai ranar gamawa, misali manna alamar sokewa a duk babin kundin 2004 da ya mutu, tare da sunan dokar da ta gaje shi da inda take a kanta. Ka buɗe fayil na kanka mai ɗauke da ranar kowane horo, awa nawa, wanda ya shirya, kwafin satifiket, da layi biyu kan abin da ya sauya a wurin aiki. Wannan fayil za ka buƙace shi wajen sabunta rajista, da gaban kwamitin ƙarin girma, da kuma ranar da ka koma neman kuɗin bita ta gaba.